Ku Tambayi Anti: Ma'aikatan Makaranta Da Ba Sa Riƙe Alli

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan watan yawancinsu daga mutanenmu ne da ke Amurka, masu aiki a makarantun gwamnati amma ba koyarwa suke ba, masu shara da goge-goge, direbobin bas, ma'aikatan kicin, mataimakan malamai. Ga wanda bai san tsarin can ba, makarantun gwamnati an kasa su ne gunduma-gunduma, sun haura 13,000 a faɗin ƙasar, kowace da hukumarta da kasafin kuɗinta, kuma gundumar ce ta ɗauke ka aiki, ita ke biya ita ke sallama, furinsifal da sufabaiza su ma ma'aikatanta ne kamar kai. Na cire sunayen masu tambaya da na makarantunsu kamar kullum.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni kilina ne a wata firamare a jihar Ohayo, shif ɗina daga 6:30 na safe ne zuwa 3 na rana, amma sufabaiza yace in riƙa zuwa 6:10 in buɗe ƙofofi in kunna fitilu, in anyi ƙanƙara in watsa gishiri a hanya, sai 6:30 tayi sannan in buga kati. Hutun cin abinci ma minti 30 ake cire min amma da yaro yayi amai ko madara ta zube sai a kira ni a rediyo in ajiye cokali in tafi. Da nayi magana yace ai bana ba a amince da obataim ba. Ni dai bana son rigima don mutumin yana da kirki, shi ya tsaya min har na samu aikin. Ya zanyi?

AMSA: Ƙanena, ban musa kirkin mutumin ba, amma kuɗin da ake danne maka ba daga aljihunsa zasu fito ba, na gunduma ne, toh fara sauke wannan nauyin daga ranka. Akwai dokar tarayya ta albashi da awoyin aiki, FLSA, tun 1938 take kuma ta hau kan gundumomin makarantu. Abin da tace a taƙaice shine duk aikin da aka sa ka, ko aka san kana yi aka ƙyale ka, sai an biya. Malaman aji ne dokar ta cire daga maganar obataim, shi yasa zakaga malama ta kai magariba tana makin ba ko sisi, ina jin daga nan ma wasu shugabanni ke ɗauka kowa haka ne. Ku kam ba a cire ku ba. Kai awa 8 kake yi a rana, 40 a sati, kenan duk mintin da ya ƙaru ya faɗa obataim, ninki ɗaya da rabi. Ɗauki biro mu lissafa, minti 20 sau kwana 180 na karatu kaɗai awa 60 ne, a ninki ɗaya da rabi kuɗin awa 90 kenan, ya fi albashin sati biyu kake bari duk shekara, kuma bamu ma taɓo cin abincin ba.

Shi hutun cin abinci ana cire shi daga albashi ne in an sake ka gaba ɗaya. Rataya rediyo kaɗai ba lallai ya mai da shi aiki ba, amma ranar da aka tashe ka daga kan abinci ka ɗau mofa, wannan lokacin aiki ne. Maganar ba a amince da obataim ba kuwa, suna da ikon hana ka yi, har ma su hukunta wanda yayi gaban kansa, abin da basu da iko shine su karɓi aikin su ƙi biya. Mafita uku ce kuma duk masu sauƙi, ko ka fara 6:30 ɗin sosai, ko ka buga kati 6:10 ka tashi 2:40, ko su biya. Ma'aikatun gwamnati suna kuma iya baka hutu maimakon kuɗi, awa ɗaya da rabi kan kowace awa, in anyi yarjejeniyar haka tun kafin aikin, kuma baya wuce awa 240.

Sayi ɗan littafi daga gobe, rubuta ranar da lokacin da ka shigo da duk kiran da ya katse maka abinci. Sannan ka tura masa imel cikin ladabi, layi biyu ya isa, kace ina son in tabbatar ne, in cigaba da zuwa 6:10, in haka ne in buga kati a lokacin ko? Duk amsar da ya bayar ta taimake ka. Mu an raine mu da kawaici, babba yayi magana kayi shiru, toh fayil bai san kawaici ba, in ba takarda to a wurinsu ka yarda ne ko ma abin bai faru ba. In bai gyaru ba sai wakilin yuniyan, sai ofishin kula da ma'aikata na gunduma, in duk sun toshe kunne akwai sashen albashi da awoyi na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, kyauta suke karɓar ƙorafi. Ana bin bashin shekara 2 baya, 3 in da gangan akayi, kuma dokar ta haramta a rama a kanka don kayi magana.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Ni dattijo ne, ina aikin kicin a wata sakandare a jihar Merilan, daga 9 na safe zuwa 2. Masallacin da ke kusa damu 1:15 suke huɗuba, na roƙi manaja ta riƙa sakina ƙarfe 1 ranar Juma'a tace lokacin ne layin yara na ƙarshe ba zai yiwu ba. Rabona da Juma'a sai in anyi hutu. Ranar Sallah ma da ban zo ba cire min kuɗi akayi. Shin ina da wani haƙƙi ko haƙuri zanyi?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya, kana da haƙƙi amma bari in faɗa maka iyakarsa don kar in ɗora ka a hanyar da bata ɓullewa. Kashi na 7 na dokar 'yancin jama'a ta 1964 ya hana wariyar addini a wurin aiki, kuma ya wajabta wa ma'aikata ta sassauta maka don ibada sai dai in hakan zai jawo mata wahala ta gaske. Shekaru da yawa, tun wani hukunci na 1977, ɗan ƙaramin uzuri ya ishi mai gida yace a'a. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta sauya wannan a shari'ar Gerald Groff, wani ma'aikacin gidan waya Kirista da baya son aikin Lahadi, alƙalai 9 duka suka ce dole ma'aikata ta nuna cewa sassaucin zai ɗora mata nauyi babba idan aka duba girman harkarta. Wannan hukuncin ya amfani mai Juma'a kamar yadda ya amfani mai Lahadi.

Iyakar kuma ga ta, ba dole su baka ainihin abin da ka zaɓa ba, in sun kawo wata mafita mai ma'ana sun fita. Wannan ma daga shari'ar makaranta ya fito, ta hukumar ilimi ta Ansonia a 1986, inda kotun tace hutu ba biya yana iya zama sassauci karɓaɓɓe. Kenan cire kuɗin ranar Sallah ba lallai ya zama laifi ba, sai dai in ana ba wasu hutu da biya don kowace irin buƙata amma aka ware ta addini aka hana. Duba kwantiraginku, yawanci akwai 'yan kwanakin uzurin kai da ake biya, ka nemi na Sallah tun da wuri, ka rubuta musu cewa ranar tana iya motsawa da kwana ɗaya saboda ganin wata. Wasu wuraren ma sun huta da wannan, makarantun birnin Niyok tun 2015 aka sa Sallah cikin ranakun hutu.

Maganar Juma'a, manajar nan ba ƙarya tayi ba, kicin a lokacin layi ba wurin rasa hannu bane, don haka kar kaje da roƙo kaɗai, je da mafita a hannu. Ka fara 8 ranar Juma'a kayi yanke-yanke da shirya kaya ka tashi 1, ko kayi musaya da wanda ke tashi da wuri, ko ka dawo bayan sallah ka ƙarasa wanke-wanke, ko a mai da kai makarantar da ke gama cin abinci da wuri tunda gunduma ɗaya ce. Ka kuma leƙa ko akwai masallacin da ke yin Juma'a sahu biyu, da yawa a can suna yi saboda ma'aikata. Rubuta buƙatar ka aika ofishin kula da ma'aikata, ka ambaci cewa sassaucin addini kake nema, don a'a ta baki a bakin tukunya ba ita ce amsar gunduma ba. In sun ƙi ba hujja akwai EEOC, hukumar tarayya mai yaƙi da wariya a wurin aiki, wa'adin kai ƙara kwana 180 ne, a jihohi da yawa 300.

TAMBAYA: Anti ni mai raka yara ce a bas a jihar Indiyana, da anyi dogon hutu a watan Yuni albashi ya tsaya cak sai Agusta, naje neman kuɗin rashin aiki aka hana ni wai an bani takardar cewa zan dawo. Haya bata san hutu ba wallahi.

AMSA: 'Yar uwa wannan kukan na kowa ne. Takardar da suke rabawa kafin hutu mai cewa muna sa ran dawowarki, ba gaisuwa bace, ita ce ke rufe miki ƙofar kuɗin rashin aiki. Dokar tarayya tace malamai basa karɓa tsakanin zangon karatu in suna da tabbacin dawowa, su kuma ma'aikatan da ba malamai ba an bar wa kowace jiha ta zaɓa, kuma kusan duk sun zaɓi hanawa. Minisota ce ta ɓalle a 2023 ta buɗe wa masu aikin awa-awa na makarantu su karɓa a dogon hutu. Ni a ganina abin da ya dace kenan ko'ina, ba a kwatanta mai albashin shekara da wadda ake lissafa wa awa 5 a rana.

Amma akwai ƙofofi biyu da mutane basu sani ba. In aikin da aka ce zaki dawo wa ya ragu sosai, ma'aunin da ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ta bayar shine in kuɗin bai kai kashi 90 cikin 100 na bara ba, toh wannan ba tabbaci bane, ki ɗaukaka ƙara. In kuma an baki takarda sannan aka koma ba a kira ki ba, kina iya karɓar na baya, da sharaɗin kin cika fom tun farkon hutun kin cigaba da cikawa duk sati ko da ana hana ki. Bayan wannan ki tambayi ofishin albashi ko suna raba kuɗin wata 10 zuwa wata 12, ba ƙari bane, kuɗinki ne ake ɗan riƙe miki, amma yana hana Yuli zama bala'i. Ki kuma sa suna da wuri a aikin makarantar hutu, yara masu buƙata ta musamman da yawa suna cigaba da zuwa kuma bas ɗinsu na buƙatar mai rakiya, galibi wanda ya fi daɗewa ake fara ba.

TAMBAYA: Anti dan Allah ki bani shawara. Ni mataimakiyar malama ce a ajin yara masu buƙata ta musamman, akwai wani yaro ɗan shekara 8 in ransa ya ɓaci yana cizo yana jifa da kujera, satin da ya wuce ya cije ni a hannu har jini, malamar tace in wanke in sa filasta ai aikin ya gaji haka. Ban gaya wa kowa ba don ina tausayin yaron kar a kore shi, kuma ina tsoron ace ban iya aiki ba. Wani lokacin ma in malamar bata zo ba ni kaɗai ake bari da ajin duka.

AMSA: Ƙanwata Allah ya baki lada, amma shirun nan ba taimakon yaron kike ba. Fara da hannun, cizon mutum in ya fasa fata ba abin wasa bane, bakin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin cuta, ki ga likita ya duba, ya tambaye ki allurar tetanus da ta ciwon hanta nau'in B. Sannan gobe-goben nan ki cika fom ɗin rauni a wurin aiki a ofis ki karɓi kwafi. Inshorar diyyar ma'aikata ita ke biyan magani da wani kaso na albashi in rauni ya zaunar dake, ba ruwanta da laifin waye, amma tana da wa'adi, a Niyok da Kalifoniya misali kwana 30 ne na sanar da ma'aikata, wasu gundumomin ma dokarsu ta cikin gida cewa take a ranar. In hannun ya kumbura bayan wata biyu ba takarda, zasu ce a gida kika samo.

Tsoron korar yaron kuwa ki kwantar da hankali. Dokar ilimin yara masu naƙasa, wadda asalinta daga 1975 ne yanzu ake ce mata IDEA, ta sa ba a korar irin wannan yaron haka kawai kan halin da larurarsa ce ta jawo. Kowane irinsa yana da tsarin karatu na kansa a rubuce, IEP, kuma in yana da irin wannan halin akan binciki abin da ke tunzura shi a rubuta tsarin yadda za a bi da shi. Masu zama su gyara tsarin nan da me suke aiki? Da rahotanni. In takarda ta nuna shiru sai su ɗauka komai lafiya, ba za a ƙaro mutum ba, ba za a kira ƙwararre ba, har ranar da kujerar zata sami kan wani yaro, ranar kuwa tambayar farko ita ce wa ya sani bai faɗa ba. Toh ki rubuta kowane karo, ƙarfe nawa, me ya faru kafin ya fara, hayaniya ce ko canjin darasi ko yunwa, me kika yi, yaushe ya huce. Abin da kika gani kawai, ba fassara ba zargi. Sau da yawa mataimakiya ce ke gano bakin zaren don ita ke manne da yaron wuni guda, amma ba a gayyatarta zaman. Ki nemi a nuna miki ɓangaren tsarin da ya shafi aikinki, ƙa'ida ce duk wanda zai aiwatar da shi a sanar dashi abin da ke kansa.

Ki nemi horon kwantar da tarzoma a rubuce, gundumomi da yawa suna amfani da na wata cibiyar horo da ake kira CPI, da rigar kare hannu da ake yi don cizo. Kafin a horar dake kar ki danne shi kar ki riƙe shi da ƙarfi sai in rai ne ke cikin haɗari, ki janye sauran yaran ki kira taimako, don yatsa ɗaya in ya bar shaida a jikin yaro aikinki ne a kan layi, wani lokacin har da 'yan sanda. Kuma dan Allah kar ki ɗau hotonsa ko ki bada labarinsa da suna a WhatsApp, sirrin ɗalibai akwai doka a kansa tun 1974. Hoton hannunki kam ki ɗauka.

Barin ki da aji ke kaɗai, ya danganta da dokar jiha da takardun da kike dasu, amma kwantiragi da yawa sun yanke ƙarin kuɗi ga mataimakin da ya riƙe aji. Duba naku, in akwai ki cika fom duk ranar da ya faru.

TAMBAYA: Anti abokin aikina yana haɗa bilic da wani maganin goge gilashi wai yafi cire datti, ni kuma idona yaji yake yi.

AMSA: Ya daina yau. Bilic da amoniya suna fitar da iska mai ƙona huhu, bilic da maganin banɗaki mai asid kuma iskar kulorin suke bayarwa, a ɗan ƙaramin banɗaki mara taga tana iya kai mutum asibiti ko kabari. Kowane magani yana da takardar bayanin haɗarinsa, nemi a nuna muku inda aka ajiye. Tunda muna kai, in ginin tsoho ne kar ku kankare tayil ko ku taɓa farin abin da aka naɗe bututu dashi, yana iya zama asbestos ne, wani kayan gini na da mai ƙurar da ke lalata huhu, dokarsa ta 1986 ta wajabta wa makaranta ajiye kundin da ke nuna inda yake, da ba masu shara horon awa 2 a kai.

TAMBAYA: Anti ni direban bas ne, wata uwa ta kai ƙara wai na daka wa ɗanta tsawa, an turo min saƙo inzo ofishin sufuri ranar Litinin. Gabana sai faɗuwa yake, shekarata 6 ba a taɓa kirana ba. Inje in basu haƙuri kawai?

AMSA: A'a malam, kar ka shiga da ban haƙuri kan abin da baka ma ji an karanto maka ba, haƙurin da kake bayarwa don a zauna lafiya su rubuta shi zasuyi a matsayin ya amsa laifi. Ka mai da saƙo yau ka tambaya, menene maƙasudin zaman, kuma zai iya kaiwa ga hukunci? In eh ne kace kana son wakilin yuniyan ya zauna. Wannan haƙƙin daga hukuncin Weingarten na 1975 ya samo asali, na kamfanoni ne, amma jihohi da yawa sun ba ma'aikatan gwamnati irinsa kuma kwantiragi da yawa sun rubuta shi. Matsalar ita ce kai zaka nema da bakinka, galibi ba dole bane su tuna maka.

Ka nemi a adana bidiyon kyamarar bas na ranar da gaggawa, na'urorin nan suna goge tsoho su ɗora sabo. Ka zauna daren nan ka rubuta abin da ya faru, ina kuke, me yaron ke yi, me kace. In tsaye yake bas na tafiya ko ya zura kai ta taga, ɗaga murya aikin tsaro ne, sai ka faɗa haka. A cikin ɗakin ka amsa abin da aka tambaya kaɗai, gaskiya zalla, in baka tuna ba kace baka tuna ba, in Turancin yayi maka sauri kace a maimaita. In sun miƙo takarda karanta, in sa hannu dole ne rubuta kusa dashi cewa ka karɓa ne ba wai ka yarda ba, ka karɓi kwafi, ka tambayi kwana nawa kake dasu na rubuta martani a fayil. Kuma duk wanda yace maka gara ka ajiye aiki da kanka, kar ka sa hannu a ranar.

Wani abin da zai ɗan sanyaya maka rai, ma'aikacin gwamnati da ya wuce lokacin gwaji kuma doka ko kwantiragi suka ce ba a korarsa sai da dalili, ba a sallamarsa sai an gaya masa zargin an bashi damar kare kansa. Hukuncin Kotun Ƙoli ne na 1985, kuma wanda ya kai ƙarar, James Loudermill, ba malami bane, mai gadi ne a hukumar ilimi ta Cleveland.

TAMBAYA: Anti ana ta damuna in shiga yuniyan, ni kuma naga kuɗin da zasu riƙa cira duk wata ya isa wani abu, kuma ance ko ban shiga ba ƙarin albashi zai same ni. Meye amfanin? Mu da ko gaisuwa wasu malaman basa mana.

AMSA: Gaskiya aka gaya maka, tun hukuncin Janus na 2018 ba a tilasta wa ma'aikacin gwamnati biyan yuniyan, kuma kwantiragin da suka ƙulla yana hawa kan kowa. Zaɓinka ne. Amma tunda ra'ayina ka tambaya, shiga. Wanda bai shiga ba baya zaɓen shugabanni, galibi baya ƙuri'a kan kwantiragin da zai yi mulkin rayuwarsa shekara uku, kuma ranar ciniki gunduma tana ƙirga mutum nawa ke bayan masu maganar. Ku da kuka fi kowa sanin tsintsiya, kun san tsinke ɗaya baya shara. A watan Maris na 2023 ma'aikata kusan 30,000 na gundumar Los Anjelis, direbobi da masu shara da 'yan kicin da mataimakan aji ƙarƙashin reshe na 99 na yuniyan SEIU, suka tafi yajin aiki na kwana 3, malamai suka ƙi tsallake layin masu yajin su shiga aiki, makarantun yara sama da 400,000 suka rufe, magajiyar gari Karen Bass ta shiga tsakani aka tashi da ƙarin albashi kusan kashi 30 cikin 100. Kaga malaman da kake cewa basa gaisuwa, ranar sun tsaya.

Ba ko'ina haka ke yiwuwa ba fa, jihohi da yawa sun haramta wa ma'aikatan gwamnati yajin aiki, a Karolina ta Arewa kuwa inda mutanenmu ke da yawa tun 1959 doka ta hana hukumomi ƙulla kwantiragi da yuniyan. Ko a can kana iya shiga ƙungiya, kuma zaman hukumar makarantu a buɗe yake, akwai lokacin da ake ba jama'a minti biyu ko uku suyi magana. Kuje ku goma da rigar aiki lokacin da ake tattauna kasafi. In kuma ka shiga ka tarar wakilinku barci yake, tsaya takara.

TAMBAYA: Anti ina da ciki wata 5, ina aikin mataimakiyar aji awa 6 da rabi a rana, shekarata 2. Ance akwai hutun haihuwa na sati 12, zan samu?

AMSA: Allah ya raba lafiya 'yata. Dokar ita ce FMLA ta 1993, sati 12 ba biya amma aikinki da inshorar lafiyarki suna nan. Sharaɗin shine wata 12 a wurin da awa 1,250 na aiki cikin shekarar da ta gabata, kuma a nan take kama ma'aikatan makaranta. Awa 6 da rabi sau kwana 180 ya bada 1,170, kin gaza da awa 80, kuma ranakun hutu da na rashin lafiya basa shiga lissafi ko da an biya su. Toh ki nemi ofishin albashi su baki jimlar awoyinki a rubuce, ki haɗa da ranakun horo da aikin makarantar hutu da duk wani ƙarin lokaci, mai yiwuwa ki haye. Wasu jihohin sun rage ma'aunin, Ilinoi ta mai da shi awa 1,000 ga ma'aikatan makarantu, kuma kwantiragi ko dokar gunduma kan bada hutun da ya fi na tarayya, ki tambayi nawa kika tara na rashin lafiya don dasu ake cike gurbin albashi. Tun yanzu ma akwai dokar kare masu ciki da ta fara aiki a Yunin 2023, in ɗaga yara ko doguwar tsayuwa na wahalar dake kina iya neman a sauƙaƙa miki. Sanarwar tafiya hutun kuma ki bada ita a rubuce aƙalla kwana 30 kafin lokacin.